Wuta Ɗaya, Hawa Uku: Me Ke Sa Haɗarin Wurin Aiki Ya Yi Muni?

Ranar Asabar, 25 ga Maris, 1911, ana dab da tashi daga aiki, da misalin ƙarfe biyar saura minti ashirin na yamma, wuta ta kama a cikin akwatin tara guntayen yadi da ke ƙarƙashin teburin masu yanka, a hawa na takwas na wani bene mai hawa goma a birnin New York. Kamfanin Triangle, mai ɗinka rigunan mata, shi ke riƙe da hawa ukun ƙarshe: na takwas, na tara da na goma. Ma'aikatansa sun kai kimanin 500, galibinsu 'yan mata, 'ya'yan Yahudawan Gabashin Turai da na Italiyawa waɗanda neman abinci ya kai su Amurka. Ba a yi rabin awa ba aka shawo kan wutar. Ginin bai rushe ba, yana nan tsaye har yau a hannun Jami'ar New York. Amma mutum 146 sun rasu, mata 123 da maza 23, biyu daga cikinsu shekarunsu 14 kacal.

Masu bincike sun fi kyautata zaton guntun sigari ne ko tsinken ashana ya faɗa cikin ƙyallaye. Wannan ita ce amsar "me ya jawo?", kuma ba ta da wani nauyi, don ƙananan gobara ba baƙon abu ba ne a ɗakunan ɗinki na wancan zamani, bokitan ruwa ma don haka aka ajiye su. Tambayar da ta fi ita ce ta biyu: me ya sa abin ya yi wannan munin? Mu a nan mukan haɗa tambayoyin biyu mu ba su amsa ɗaya, mu ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Alhali abin da ke sa haɗari ya auku daban yake da abin da ke sa mutum ya tashi da ƙujewa, ko da karaya, ko a ɗauke shi a makara. Gobarar Triangle ta raba su a fili, domin wuta ɗaya ce ta ci hawa uku, kowane hawa kuma da irin abin da ya same shi.

'Yan hawa na takwas su suka ga tashinta da idonsu. An ɓata mintuna ana watsa mata ruwan bokiti, manaja ya jawo tiyon kashe gobara daga bakin matakala, aka murɗa, ruwa bai zo ba. Ƙofar ɗaya daga cikin matakalun ciki take buɗewa, jama'a kuma suka taru suka danne ta; sai da wani makanikin kekunan ɗinki ya ture su baya sannan ta buɗu. Duk da haka galibinsu sun fita, saboda sun samu 'yan mintunan farko. Wata mai aikin lissafi a hawan ta buga waya zuwa hawa na goma, inda ofisoshi suke, inda kuma masu kamfanin, Max Blanck da Isaac Harris, suke a lokacin. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Mutanen hawa na goma suka haura saman rufi, ɗaliban koyon aikin lauya da ke ginin maƙwabta suka miƙo musu tsani, suka tsallaka. Kusan dukkansu sun kuɓuta.

'Yan hawa na tara kuwa babu wanda ya gaya musu. Ba a kaɗa wata ƙararrawa ba, wayar ma ba ta kai gare su ba. Kimanin mutum 250 ne a ɗakin, ranar biyan albashi ce, wasu na karɓar kuɗinsu, wasu na sa rigunan sanyi za su fita. Labarin wutar tare da wutar ya iso musu. Dubi yadda ɗakin yake: dogayen tebura jere da juna, kekunan ɗinki a kansu, kujeru baya da baya, kwandunan yadi a ƙasa. Wadda ke zaune a tsakiyar layi sai ta bi layin har ƙarshensa, ko ta taka tebur, kafin ta samu fili. Matakala biyu ce. Ta ɓangaren titin Greene ita ce ta fita kullum, inda mai gadi ke tsayawa yana duba jakar kowace yarinya kada ta fita da riga ko ƙyalle. Cikin mintuna kaɗan wuta da hayaƙi suka toshe ta. Ta ɓangaren titin Washington Place a kulle take. Matakalar ƙarfe ta bayan gini, wadda aka yi domin irin wannan rana, siririya ce, ta lanƙwashe saboda zafi da nauyi, ta zubo da kusan mutum 20. Masu tuƙa lifta biyu, Joseph Zito da Gaspar Mortillaro, sun yi ta hawa da sauka suna kwaso mutane har abin ya gagara. 'Yan kwana-kwana sun iso da wuri, sai dai tsaninsu ya tsaya a wajen hawa na shida, ragar da suka shimfiɗa kuma ba a saƙa ta don mai faɗowa daga hawa na tara ba, ta yage. Sama da mutum 60 ta taga suka faɗo.

A cikin duk abubuwan nan babu wanda ya kunna wuta. Tiyon da ba ruwa, ƙofa mai buɗewa ciki, ƙofar da aka kulle, cunkoson tebura, rashin ƙararrawa, su ne suka ƙayyade adadin gawa. Kuma kowanne an yanke shawararsa tun kafin ranar, a ranar da wani ya zauna ya lissafa abin da gyaran zai ci, ya ga bai cancanta ba.

Me ya sa bai cancanta ba a idonsa? Nan ne inshora ta shigo. Triangle na da inshora, mai tsoka ma, amma yadi da kekuna aka yi wa, ba waɗanda ke zaune a gaban kekunan ba. Kamfanonin inshora sun biya masu kamfanin kusan dala 60,000 sama da asarar da suka yi, wato kimanin dala 400 a kan kowane mamaci. A Disambar 1911 kotu ta wanke su daga tuhumar kisa, don an kasa tabbatar da cewa sun san ƙofar a kulle take a lokacin. Ƙararraki 23 da iyalan mamata suka shigar an sasanta su a 1914 a kan dala 75 kowane rai. A 1913 ma an sake samun Blanck da kulle ƙofar masana'antarsa ana cikin aiki, aka ci shi tarar dala 20. Ba sai mutum ya kasance azzalumi na musamman ba kafin irin wannan lissafi ya ja shi. Rigar da aka sace daga aljihunsa ta fita, yadin da ya ƙone akwai mai biya, yarinyar da ta ƙone kuwa da wuya a tambaye shi.

Dokar lokacin ita ta ba shi wannan natsuwar. Ma'aikacin da ya ji rauni sai ya kai ƙara ya tabbatar da sakacin maigidansa, maigidan kuma na da mafita uku: ya ce ai kai ma da naka sakacin, ko ya ce abokin aikinka ne ya jawo, ko ya ce ka san haɗarin aikin ka karɓa. Jihar New York ta yi yunƙurin sauya wannan a 1910 da wata dokar diyya ta dole ga wasu sana'o'i masu haɗari, sai babbar kotun jihar ta soke ta a ranar 24 ga Maris, 1911, kwana ɗaya tak kafin gobarar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, maganin yana nan tun kafin a haifi 'yan matan, kuma masu inshora ne suka yaɗa shi. A 1835 wani mai masaƙa a jihar Rhode Island, Zachariah Allen, ya haɗa 'yan'uwansa masu masana'antu suka kafa inshorar haɗin gwiwa, inda asarar ɗaya asarar kowa ce. Ba sa karɓar masaƙar da ba ta da tsari, kuma suna tura masu dubawa. Daga shekarun 1880 bututun rufi mai fesa ruwa da kansa in ya ji zafi ya fara zama ruwan dare a masaƙun yankin. Ba ya hana wuta tashi, girma yake hana ta. A Triangle babu shi. Bayan an yi jana'iza ne majalisar jihar ta kafa kwamitin binciken masana'antu ƙarƙashin Robert Wagner da Al Smith, da taimakon Frances Perkins, wadda ta tsaya a titi ta ga faɗowar 'yan matan, daga baya kuma ta zama sakatariyar ƙwadago ta Amurka a 1933. Dokoki fiye da 30 suka biyo baya a kan ƙofofi da matakala da bututun ruwa da atisayen fita. Aka gyara tsarin mulkin jihar a 1913, dokar diyyar ma'aikata ta fara aiki a 1914.

Jamus ta riga su da shekara talatin. A 1884, zamanin shugaban gwamnati Bismarck, aka kafa dokar inshorar haɗarin aiki, ta fara aiki a 1885. Ba tausayi zalla ba ne, Bismarck yana neman janye ma'aikata daga 'yan gurguzu ne, amma ginin ya yi ƙarko. Masu ɗaukar ma'aikata kaɗai ke zuba kuɗi, ba a taɓa albashin kowa. An haɗa su ƙungiya-ƙungiya bisa sana'a, masu haƙar ma'adinai da tasu, magina da tasu, masu sarrafa ƙarfe da tasu, kowace kuma ita ke ɗaukar nauyin wanda ya ji rauni a sana'arta ba tare da jayayyar wa ke da laifi ba. Da aka yi haka lissafi ya juye. Yatsan da ya yanke aka ɗinke kuɗinsa kaɗan ne. Magini ɗan shekara 30 da ya faɗo lakarsa ta taɓu, fansho ne har ƙarshen ransa a wuyan masu sana'ar gaba ɗaya. Sai ga masu kuɗin da kansu sun damu da munin haɗari, ba yawansa kaɗai ba. Doka ta ba ƙungiyoyin ikon tsara ƙa'idojin kariya da tura masu duba wuraren aiki, kuɗin da kamfani ke biya kuma yana bin haɗarin sana'arsa, yana iya hawa ko sauka gwargwadon abin da ke faruwa a farfajiyarsa.

Daga nan suka gano cewa munin rauni ba a wurin haɗarin yake gama tabbata ba. Karayar da ta samu ƙwararre a ranar, mai ita na iya komawa aiki bayan 'yan watanni. Ita dai wannan karayar, in ta kwana biyu tana jira, ko ta faɗa hannun wanda bai san ta ba, gurgunta ce ta har abada. A 1890 ƙungiyar masu haƙar ma'adinai ta buɗe asibitin Bergmannsheil a garin Bochum, wanda ake lissafa shi a matsayin asibitin haɗari na farko a duniya. Har yau a Jamus, ma'aikacin da rauninsa ya hana shi aiki fiye da ranar da abin ya faru, wajen likita na musamman da ƙungiyoyin suka amince da shi ake tura shi, shi ne zai tsara yadda jinyar za ta tafi. Ƙa'idarsu kuma ita ce a fara ƙoƙarin mayar da mutum kan ƙafafunsa da kan sana'arsa kafin a yi zancen fansho. A 1960 waɗanda suka mutu a bakin aiki a Jamus ta Yamma sun haura 3,000. A 2023, cikin waɗanda ke ƙarƙashin wannan inshora a haɗaɗɗiyar Jamus, ba su kai 400 ba. Ba duka ne aikin inshora ba, domin ayyukan ma sun sauya, ramin kwal mai zurfi na ƙarshe an rufe shi a 2018. Amma babu mai musun cewa tana da babban kaso.

Takardun neman diyya da aka tara fiye da shekara ɗari, a Jamus da Amurka da sauran wurare, suna maimaita wasu abubuwa. Babba a cikinsu shi ne ƙarfin abin da ya haɗu da jiki. Zamewa a tsakar gida da zamewa a kan rufi kuskure ɗaya ne, tsayin ne ya raba su. Shi ya sa faɗowa daga sama ke kan gaba wajen kashe magina a Amurka, kusan kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa kuma dokarsu ta wajabta shinge ko raga ko igiyar ɗaure jiki daga tsayin ƙafa shida a wurin gini. Haka abin yake da mota, da lantarki, da injin da aka cire wa murfi don aiki ya yi sauri. Hular kwano da takalmi suna da amfani, amma su ne katanga ta ƙarshe, ba za su tare wa mutum faɗowa daga hawa na uku ba.

Sai kuma wane ne abin ya samu. Samari sun fi yawan jin rauni, amma in ya samu dattijo ya fi kwantar da shi, ya fi kuma kashe shi, don jikin da ya haura hamsin ba ya ɗaukar abin da na ɗan ashirin ke ɗauka. Sabon ma'aikaci a watanninsa na farko yana cikin haɗari fiye da tsoho, haka na wucin gadi, haka baƙon da bai ji harshen wurin ba. Su ake ba aikin da kowa ke gudu, su ne kuma ba su da bakin cewa a'a. Ƙananan kamfanoni sun fi manya yawan haɗari mai kisa in aka auna da yawan ma'aikatansu, saboda babu mai kula da kariya, babu wanda ya iya taimakon farko, sau da yawa mutum shi kaɗai yake aiki, sai an neme shi an rasa sannan a je a tarar da shi.

Akwai abin lura game da takardun kansu. Inda aka ɗaure kuɗin inshora da yawan haɗarin da aka rubuta, wasu kamfanoni sukan koyi ɓoye ƙananan raunuka, a ɗaure wa mutum hannu a ba shi kujera ya zauna don kada a rubuta ya rasa ranar aiki. Gawa ce ba ta ɓoyuwa. Don haka in ka ga alƙaluman wani wuri suna nuna raunuka kaɗan amma mace-mace da yawa, ba lafiya ba ce, rashin rubutawa ne. Wannan asara ce babba, don ƙaramin rauni shi ke nuna inda babban zai fito. Sannan takardun inshora waɗanda ke cikin rajista kaɗai suke gani.

Wanda ke ganin wannan tsohon labari ne ya dubi Bangladesh. Ranar 24 ga Afrilu, 2013, benen Rana Plaza mai hawa takwas ya rufta a Savar, kusa da Dhaka, mutum 1,134 suka rasu, kimanin 2,500 suka ji rauni. Tun jajibirin ranar aka ga tsagewa a jikin ginin. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, masu ɗinkin da ke sama aka ce su koma bakin aiki, wasu da barazanar riƙe albashi. Gini ɗaya, gargaɗi ɗaya, bambancin kawai wa ke da ikon ƙin shiga. Ƙasar ba ta da asusun inshorar haɗarin aiki a lokacin, sai da aka bi kamfanonin tufafi na waje ana roƙo, dala miliyan 30 ɗin da ake nema domin biyan diyya ba ta cika ba sai tsakiyar 2015. Gwajin inshora ta gaskiya ga masu ɗinkin sai a 2022 aka fara shi.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan. A 2002 gobarar dare a wata masana'antar roba da ke Ikorodu, a jihar Legas, ta kashe ma'aikata da dama, rahotanni kuma suka ce a kulle suke a ciki. Wanda ya saba shiga ƙananan masana'antu a garuruwanmu ya san tagogin da aka liƙe da ƙarfe saboda ɓarayi, da ƙofa ɗaya mai kwaɗo. Je ka tsaya a wurin gini ranar zuba kankare a hawa na biyu: leburori a jere, kwanon sarki cike a ka, silifa a ƙafa, suna hawa kan katakon da ruwan siminti ya jiƙa, babu abin riƙewa dama ko hagu, a ƙasa kuma rodi ne a tsaye. Da wuya yini ya ƙare wani bai yi tuntuɓe ba. Abin da zai same shi in ya yi, katakon ne da rodin suka riga suka yanke.

Dokar diyyar ma'aikata ta Najeriya ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta ɗauko ginshiƙin tsarin Jamus. Mai ɗaukar ma'aikata ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin wata, ba shi da ikon cirewa daga albashin ma'aikaci, ba a kuma buƙatar tabbatar da laifin kowa. Tunanin ma ba baƙo ba ne a wurinmu: a shari'ar Musulunci diyyar kisan kuskure dangin wanda ya yi ne ke haɗuwa su biya, ba don sun yi niyyar komai ba, sai don kada jini ya tafi a banza. Abin da leburori da yawa ba su sani ba shi ne dokar ta ambaci na wucin gadi da ɗan koyo da wanda aka ɗauka da baki ba takarda, ta kuma haɗa da haɗarin hanyar zuwa aiki da komawa. Ma'aikaci na da kwana 14 ya sanar da maigidansa, maigidan na da kwana 7 ya kai rahoto ga hukuma, neman diyya kuma cikin shekara guda ake yinsa.

Sai dai mun ɗauko rabin da ke biya, rabin da ke hanawa muka bari a baya. Dokar ta ba hukumar ikon rarraba kamfanoni bisa haɗarin sana'arsu, amma abin da kowa ya sani a aikace shi ne kashi ɗayan nan. Muddin mai ofishin lissafi da mai fasa dutse kuɗi ɗaya suke biya, muddin wanda ya sa shinge da wanda bai sa ba babu bambanci a aljihunsu, inshorar ba ta da bakin yi wa kowa magana a kan katako ko kwaɗo. A ganina nan ya kamata a fara, sannan a bi da abin da Jamusawa suka gano tun 1890. Yau wanda injin ya kama wa hannu a Sharaɗa ko Challawa a Kano, abokan aiki ne ke sa shi a Adaidaita Sahu, a isa asibiti a tsaya neman wanda zai ajiye kuɗi kafin a shiga da shi tiyata, ana ta kiran manaja a waya. In kuɗin bai samu ba, a wuce da shi gida wajen mai ɗori, ko da kuwa raunin ba na ɗori ba ne. A waɗannan awannin ake rasa hannun da za a iya ceta. Asusun da ke karɓar kuɗi duk wata yana da halin ƙulla yarjejeniya da asibitoci a kusa da kowace unguwar masana'antu, a ba kowane ma'aikaci kati, a liƙa sunan asibitin a bakin ƙofar masana'anta, yadda wanda aka kawo cikin jini za a fara yi masa aiki, takarda ta biyo baya.